Takardar da Ta Zo a Makare: Ta'aziyyar Tsohon Sarkin Fawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. A safiyar Talatar da ta wuce wa'adin surukina ya cika, wato mahaifin uwargidana, wanda ya taɓa riƙe sarautar sarkin fawa a garinmu, wani gari mai kasuwa a kan hanyar Kutemeshi cikin ƙasar Birnin Gwari. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Kwana uku na yi a zaman makoki a ƙofar gidansa, kuma abin da na gani a wurin shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ban taɓa ganin taron masu mantuwa irin wannan ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne ɗan ƙanen marigayin, mutumin da ya karɓe rawanin daga kansa tun zamanin Turawa. Yanzu shi ma tsoho ne, da sanda yake tafiya. Ya zube a kan tabarma yana share ido da hannun riga yana cewa, "Wayyo Baba! Yanzu wa zai sake gaya mana gaskiya a garin nan?" Jama'a suka yi ta ba shi haƙuri. Wani matashi daga cikin jikoki, ma'aikaci a Kaduna, ya miƙe ya shaida wa taro cewa kakansu wayayyen mutum ne tun kafin ilimi ya iso ƙasar nan. A ganinsa ilimi ya iso ne a ranar da aka miƙa masa takardar shaidarsa.

Da na leƙa cikin gida, uwargidana tana zaune a bakin ɗaki ba ta kuka. Ta ce, "Malam, ka ji mai kukan can?"

Na ce na ji.

Ta ce, "To, Allah Ya ba shi lada daidai nauyin hawayensa."

Ba zan bari a binne surukina sau biyu ba, sau ɗaya da ƙasa, sau ɗaya da yabon waɗanda suka tozarta shi. Zan faɗi abin da na sani, har da wanda bai yi mini daɗi ba.

A wancan zamani ni ne malamin duba-gari na En'e, wato hukumar gargajiya, a yankinmu. Na gama Midil a Zariya, aka horar da ni aikin tsafta a Kano, aka ba ni keke da kaki da kasuwanni masu nisa da juna, daji a tsakaninsu. Cikin aikina har da duba naman da aka yanka kafin a kai shi rumfa. Da yake mutum ɗaya ba ya iya tsayawa a mayanka biyu a safiya ɗaya, duk ranar da ba na nan sarkin fawa ne idon hukuma a kan nama.

Babban abin da ake tsoro a lokacin shi ne tarin fuka, na mutane da na shanu. Takardun umarni a kansa daga ofisoshi biyu suke fitowa, na likitocin mutane da na likitocin dabbobi, kuma na tabbata masu rubuta su ba sa gaisawa. Wannan ta ce mai tarin da ya daɗe kada ya sayar da abinci, a kai shi asibiti. Waccan ta ce a tafasa madara kafin a sha. Wata ta zo ta gyara ta farko, wata ta soke gyaran. Turawan da suke rubuta su ba su taɓa tsayawa a mayanka da damina ba, ba su san yadda ake gaya wa mai saniya ɗaya tak cewa saniyarsa ta zama ta rami ba. Dagatai kuwa da takardar ta iso sai su sa a karanta sau ɗaya, su ce madalla, su cusa ta a jikin azarar soro inda gara za ta gama da ita.

Mutum ɗaya ne a duk yankin ya san wace doka ce take raye, wace ce ta mutu, kuma bai san harafin boko ko ɗaya ba. Shi ne surukina.

Ga yadda muke yi. Uwargidana ita ce 'yarsa ta fari. Bai taɓa kiran sunanta ba har ya koma ga Allah. In zai yi maganarta sai ya ce "mutuniyar gidanka". Ni kuwa suruki ne, ba na zama tabarma ɗaya da shi, ba na cin abinci a gabansa, ba na ɗaga ido in dube shi. Saboda haka duk ranar da takarda ta zo, bayan la'asar sai in je in tuɓe takalmi, in tsuguna a wajen zaurensa, in jingina da bango. Shi yana ciki. In karanta Turancin layi-layi in mayar da shi Hausa, in miƙa takardar ta bakin ƙofa, shi kuma ya juya bayanta ya rubuta ma'anar da ajami, gama ya yi karatun allo har ya sauke. In ya gama, tambayarsa ɗaya ce kullum.

"Malam, wannan wace ta kashe?"

In na faɗa, sai ya zaro wadda aka soke daga gafakarsa, irin jakar fatar nan da ake ajiye littattafai, ya ɗaure ta da jan zare tare da 'yan'uwanta. Waɗannan yake kira mushe. Rayayyun kuwa ya kasa su biyu, na mutane a gaba, na shanu a baya. Ya taɓa ce mini ta bayan bango, "Masu takardun nan sun raba tarin biyu don ofishinsu biyu ne. Ni a rugar da na ga huhun saniya ya lalace, a can nake jin mata suna tari." Na yi shekaru ina karatu a kan benci, ban ji malamin da ya faɗi wannan a taƙaice haka ba.

Mutanen gari sun ɗauke shi mai tsirfa. Ba ya shan ruwa a moɗar da ke yawo hannu-hannu a rumfa. In mahauci ya tofar da yawu kusa da nama, a ranar ya gama ciniki. Akwai wata Bafulatana, uwargidan arɗon da ke saukowa da shanunsa bakin daji kusa da mu, wadda ta yi shekaru tana kawo masa nono. Da takardar tafasa madara ta zo, ya tare ta a ƙofar gida ya gaya mata. Ta sauke ƙwarya ta riƙe ƙugu.

"Kai, mahauci! Kai da ba ka san saniya ba sai ta mutu, kai za ka koya mini nono?"

Ya ce, "Inna, ke kin san ta ta waje, ni na san ta ta ciki."

Wata biyu ba ta taka ƙofarsa ba. Ranar da ta dawo ta dangwarar da ƙwaryar a gabansa ta ce, "Ga naka na masu tsoro, an dafa." Har ta bar ƙasar nan haka take kiran nononsa, kuma na samu labari a rugarta ma ta koma dafawa, ko da yake da za a yanka ta ba za ta amsa cewa daga bakinsa ta ji ba.

Akwai kuma wani dattijon mahauci da tari ya kama har yana fitar da jini. Doka ta ce a raba shi da rumfa, surukina ya raba shi a ranar. Mahauta suka ce ba shi da imani. Amma ban ga ɗaya daga cikin masu imanin nan ya leƙa mutumin ba. Surukina ne ya gina masa ɗaki mai taga biyu a bayan gidansa, ya ware masa kwano da moɗa, kowace kasuwa ya aika masa da tsoka, daga baya ya ɗora shi a jaki ya raka shi har bakin titi inda aka sa shi a mota zuwa asibiti.

Dokar da ta fi jawo masa baƙin jini ita ce ta nama. Takardar ta ce in an buɗe ƙirjin dabba aka ga alamar ciwon a huhu, to dabbar gaba ɗaya ta rami ce, a zuba mata kananzir a binne. Saniya ta farko da ya binne da wannan doka ta ƙanensa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanen ya rasu ba sa magana. Ɗan wannan ƙane shi ne mai kukan da na ambata.

Ana nan sai wata sabuwar takarda ta iso hannuna da farkon damina. Layi huɗu ce. Ta ce an sake shawara: in ciwon bai wuce huhu da kaluluwar da ke jikinsa ba, a cire su kawai a binne, sauran naman a sayar, sai in ya bazu cikin jiki ne za a binne duka. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Dokar da ya rabu da ɗan'uwansa a kanta, wani ya share ta da layi huɗu tsakanin shan shayi da tafiya wasan ƙwallon doki.

Wanda bai san surukuta ba, cewa zai yi ai sai in je in karanta masa. Amma karanta wannan takarda daidai yake da in tsuguna a ƙofarsa in ce masa, Baba, abin da kuka tsaya a kai ya rushe, ƙanenku ya tafi da fushin banza. Suruki ba ya faɗin haka. In aika uwargidana kuwa, 'yar fari ce, tsakaninta da shi gaisuwa ce kawai daga nesa. Na ninke takardar na sa a aljihun kakina, na ce sai na sami ranar da ta dace. Kasuwa bakwai ta ci tana aljihuna.

A cikin kasuwa ta bakwai wani attajirin garinmu ya dawo daga Makka, bayan shekaru a hanyar ƙasa. Ya sayi bijimi fari, mai tozo kamar tulu, ya ce a yanka sadaka kowa ya ci. Ranar ina kasuwar Damari. Abin da ya faru na ji shi daga bakin mutum fiye da goma, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

An kayar da sa, Liman ya yanka, aka feɗe. Mata da tsofaffi sun kewaye mayanka da kwanoni. Surukina ya sa hannu ya zaro huhu, ya shafa, ya ji ƙulle-ƙulle. Ya tsaga ɗaya, wuƙa ta yi ƙara kamar ta shiga yashi, ciki ya fito rawaya-rawaya, daskararre. Ya goge wuƙarsa ya ce a haƙa rami.

Alhajin ya ce, "Sarki, ramin me?"

"Na bijimin nan, Alhaji. Yana da tarin fuka."

"Bijimin da ya ja mutum huɗu a ƙasa da safen nan? Ni ban ji ya yi tari ba!"

Aka yi dariya. Liman ya matso ya ce, "Sarkin fawa, ka ji tsoron Allah. Da hannuna na yanka, na ambaci sunan Allah a kansa. Sadaka ce ta baƙon Ɗakin Allah. Wa ya taɓa binne sadaka?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na riƙe masa ƙafa, na ji bisimillarka. Ban ce haram ba ne. Na ce ba za a ci ba."

Wata tsohuwa ta ɗaga kwanonta ta ce, "To mu ci takardar Nasara ke nan?" Daga baya wani ya yi ihu, "Karen Bature!" Masu ba da labari sun ce muryar ɗan ƙanensa ce. Mahauta suka ƙi taɓa fartanya. Shi kaɗai ya haƙa ramin, cikin laka, mutum mai furfura, gari guda yana kallo. Ya zuba kananzir, ya tura san, ya rufe.

Ɗan ƙanen nan ba shi da sanin komai, amma yana da kunne a ƙofar kowane ofis. Wani masinja ya tsegunta masa cewa an sassauta dokar tun farkon damina. Kafin mako ya zagayo shi da Alhajin sun kai ƙara gaban dagacin wancan lokaci, aka jira zuwan Baturen kiwon lafiya da ke rangadi.

An yi zaman a gindin wata ɗorawa a gaban bariki. Baturen yana kan kujerar tafi-da-gidanka, ya toshe hanci da hankici saboda iska tana kaɗowa daga wajen mayanka. Wannan shi ne mai hukunci a kan huhun shanu. Ni ne tafinta, ina tsaye a tsakaninsa da surukina, takardar tana aljihuna na hagu, har ta yi laushi da gumi.

Baturen ya ce in tambaye shi ko ciwon ya bazu cikin jikin san, ko a huhu kaɗai yake. Na gane cewa ƙofa ce. San yana ƙarƙashin ƙasa ya ruɓe, babu mai iya tonowa ya ƙaryata. In ya ce ya bazu, sabuwar dokar ma ta goyi bayansa. Na juya tambayar yadda kurma ma zai ji inda na nufa. Na ce, "Baba, yana tambaya, ko kun ga abin ya taɓa haƙarƙari, ko hanta, ko wani wuri? In ya taɓa, to babu sauran magana."

Ya ce, "Na duba haƙarƙari, na duba hanta. Lafiya lau suke. A huhu kaɗai na gani."

Na fassara. Baturen ya buɗe hannuwa ya ce to ai an yi asarar nama a banza, dokar ta canza. Sa'an nan ya tambaya, shin ba a karanta wa wannan mutum sabuwar takarda ba?

Kowa a wurin ya san wanda yake karanta masa takardu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a tuɓe mini kaki a gindin ɗorawar nan, shi kuma ya tsira da rawaninsa, gama ba a kama mutum da dokar da ba a isar masa ba. Na mayar da tambayar Hausa yadda aka horar da mu.

Surukina ya dafa gafakarsa ya ce, "Gaya masa ba ta iso ba tukuna. Damina ce, rafuka sun cika, hanyar daji ba ta biyuwa. Laifin rami nawa ne, ni na haƙa."

Da bakina na mayar da wannan magana Turanci.

Baturen ya dubi agogonsa. Ya ce shi dai a wajensa an yi kuskure, amma batun sarauta al'amarin gargajiya ne, ba ya sa baki. Haka suke. Su rubuto doka, in wani ya tsaya a kanta ta rushe da shi, sai su tuna cewa su baƙi ne masu girmama al'ada. Dagaci kuwa, wanda takardun da aka aiko masa suke cikin cikin gara, ya yi jawabi mai tsawo a kan wajibcin sanin dokokin hukuma. Kafin la'asar an warware rawanin daga kan surukina an naɗa wa ɗan ƙanensa. Masu kwanonin nan suka yi guɗa.

Bayan kwana uku na je na tuɓe takalmi, na tsuguna a wajen zaure, na karanta masa layi huɗun. Na miƙa ta bakin ƙofa. Na ji ƙarar alƙalaminsa a bayan takardar, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Sa'an nan ya ce, "Malam, wannan wace ta kashe?" Na faɗa. Na ji yana warware jan zare. Can ya ce, "Takarda ta canza. Huhun da na gani dai bai canza ba. Ka gai da mutuniyar gidanka."

Bai sake riƙe wuƙa a mayanka ba, noma ya koma. Amma bai daina bin takardun ba. Har Turawa suka tafi, har na yi ritaya, in sabuwar doka ta fito a kan tarin fuka sai na nemo masa ita. Mahauta suna wucewa ta ƙofarsa suna cewa, "Ranka ya daɗe, sarkin takarda!" Ya amsa musu da fara'a. Magajinsa a rumfa kuwa, ni ne shaida, ko sabuwar dokar mai sauƙi bai bi ba sai in ya hango kekena. Huhu mai ƙulli a balangu yake ƙarewa. Ba zan ce naman rumfarsa ne ya sa wa kowa tari ba, karatun da na yi ya hana ni faɗin abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne, duk gidan da tari ya shiga a garin nan, ba ƙofar mai rawani suke zuwa ba. Ƙofar wanda suka kira karen Bature suke zuwa a sace, su tambaye shi yadda za a ware kwano da inda za a kai mara lafiya. Bai taɓa tuna wa ko ɗayansu ranar rami ba. Ni da na ga fuskokinsu a makokin nan, na tuna musu a zuciyata ɗaya bayan ɗaya.

Ranar sadakar uku aka fito da kayansa. Da aka ga gafaka a ƙarƙashin matashinsa sai kowa ya matso, ana zaton takardun gonaki ne. Ɗan ƙanen, wanda hawayensa suka bushe nan take, shi ya fara kai hannu. Ya zazzage ta a tabarma, ya jujjuya, ya yi tsaki.

"Kai, Baba ma dai! Tarkacen Nasaran nan ne har yanzu. A ba Malam, shi ne abokin haukansa."

Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa jin an ba ni suna mai daraja irin wannan ba.

A gida na baje su. Na mutane a gaba, na shanu a baya, mushe a ɗaure da jan zare wanda ya koɗe. Ban taɓa ganin bayan takardun nan ba, domin ni daga wajen bango nake miƙa su. Na nemo mai layi huɗun, na gane ta da ninkin aljihuna. Na juya. Ga fassarar da ajaminsa mai kyau, kuma a ƙasanta ya ƙara wasu layuka da ƙaramin rubutu:

"Wannan ta zo a makare. Na ga tambarin ranar da ta fito, na ƙirga kasuwa bakwai kafin ranar rami. Ban tambayi mai kawowa ba. Kunyata ya ji."

Ashe lambobin Turawa ma ya koya a ɓoye, don kada wata takarda ta wuce shi. Shekaru arba'in da wani abu ina tsugunawa a ƙofarsa, ina zaton asirina a rufe yake saboda ban faɗa ba. Ashe shi ne ya rufe shi.

Masu kuka su ci gaba da kukansu, ba ni da abin da zan ce musu. Allah Ya jiƙan surukina, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya rufa masa asiri a ranar da babu tafinta, kamar yadda ya rufa nawa a gindin ɗorawa. Amin.